2.3 Tarihin Amfani da Man Calmugra Wajen Maganin Kuturta

Wannan sashe zai bi diddigin man calmugra, ɗaya daga cikin magungunan itatuwan ƙasashe masu zafi da likitocin Turai suka karɓa domin yaƙi da ƙwayar cuta ta bakteriya. Ana tatso man ne daga ƙwallon 'ya'yan wasu itatuwa dangin Hydnocarpus, waɗanda ke fitowa a dazuzzukan Indiya da Bama. Mutanen waɗannan ƙasashe da na Sin sun daɗe suna shan sa, suna kuma shafa shi ga masu kuturta, tun kafin a san musabbabin cutar.

A shekarar 1854 ne wani likitan Birtaniya da ke aiki a Kalkata, Frederic Mouat, ya bayyana wa takwarorinsa amfanin man. Ita kuwa ƙwayar cutar, sai a 1873 Gerhard Hansen ya gano ta a ƙasar Nowe. Daga 1904, Frederick Power da abokan aikinsa a Landan suka ware sinadarai biyu daga man, wato asid ɗin calmugrik da na hidnokafik. Abin da ya bambanta su da na man gyaɗa shi ne zoben ƙwayoyin kabon guda biyar da ke ƙarshen kowannensu.

Babbar matsalar ita ce hanyar shigar da man jiki. Idan an sha yana tayar da zuciya har a yi amai. Idan an yi allurarsa, kaurinsa kan sa ya dunƙule a ƙarƙashin fata. Wata matashiya masaniyar sinadarai a Hawai, Alice Ball, ta sarrafa shi ya zama mai sauƙin yin allura, amma ta rasu a 1916 tana da shekara 24, kafin ta wallafa aikin. Allurar man ce ta zama babban maganin kuturta a shekarun 1920 da 1930, lokacin da aka kafa sansanonin kutare irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato. Sai dai allurar na da zafi ƙwarai, kuma cutar kan dawo wa da yawa daga waɗanda aka sallama.

Tauraron man ya fara dushewa a 1941, da aka gwada maganin Promin a Carville ta Amurka. A ƙarshen shekarun 1940, John Lowe ya nuna a Uzuakoli ta gabashin Nijeriya cewa ana iya ba da dafson ta baki cikin ƙaramin awo. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa dafson da rifamfisin da kulofazimin. Abin lura shi ne, sai a shekarun 1970, bayan an bar man, gwaji a tafin ƙafar ɓera ya nuna cewa sinadaransa na rage hayayyafar ƙwayar.

Daga abin da ya gabata, za a fahimci cewa masu maganin gargajiya na Indiya ba su yi kuskure ba, domin akwai sinadari mai aiki a man. Amma ƙarfinsa bai kai ya warkar ba, kuma an shafe kusan shekara tasa'in ana ba marasa lafiya shi ba tare da ingantaccen gwaji ba. Wannan ma'auni ne za a yi amfani da shi a sashe na gaba wajen nazarin bagaruwa da marke.