Takunkumi da Tsohuwar Kwamfuta a Khartoum

A watan Nuwamba na 1997 Shugaban Amurka Bill Clinton ya ƙaƙaba wa Sudan takunkumin cinikayya. Takunkumin ya shafi har manhajar kwamfuta, domin ya hana kamfanonin Amurka irin su Microsoft sayar wa mutanen Sudan kayansu. Ɗalibi a Omdurman, ko likita a asibitin koyarwa na Jami'ar Khartoum da ke Soba, ko da kuɗi a hannunsa, ba shi da halastacciyar hanyar sayen lasisin Windows. Da yawa sai suka koma ga kwafin sata.

Akwai wata hanya, wato Linux, babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Babbar manhaja ita ce wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya, sauran manhajoji kuma a kanta suke aiki. Lasisin Linux ya halatta wa kowa ya kwafe ta, ya gyara, ya ba wani. Saboda haka faifai ɗaya na iya zagaya aji guda ba tare da an ci haƙƙin kowa ba. Wasu nau'o'inta kuma, kamar Puppy Linux da Lubuntu, an tsara su ne musamman don na'ura mai ƙaramar ma'adana. Da Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, irin waɗannan nau'o'i suka ba tsofaffin kwamfutoci damar ci gaba da aiki. Da ma Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai ita ma buɗaɗɗiyar manhaja ta gamu da shinge. A Janairun 2010 rumbun SourceForge, inda ake sauke manhajoji kyauta, ya toshe wa Sudan da wasu ƙasashe huɗu hanya don bin dokar Amurka. An sassauta takunkumin kan kayan sadarwa a Fabrairun 2015, aka janye mafi yawansa a Oktoban 2017.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ɗaiɗaita makarantu da asibitocin Khartoum, har da cibiyar binciken cutar maisitoma da ke Soba. Masu sake gina su za su fara ne da kuɗi kaɗan da na'urorin gwanjo, kuma manhajar da irin waɗannan na'urori za su iya ɗauka tana nan kyauta.