Zuwa ganin gida: Adarawan waje da ziyarar dangi a ƙasar Keita

1. Gabatarwa

An yi rubutu mai yawa a kan fitar Adarawa zuwa ƙasashen waje, abin da takardun gwamnati ke kira exode, mutanen ƙasa kuma ke kira bida ko cin rani. Amma tafiyar da ke biyo baya, wato ranar da magidancin da ya daɗe a Abijan ko Kumasi ko Sakkwato zai kwaso matarsa da ƴaƴansa ya kawo su Keita ko Tamaske ko Garhanga su ga dangi, ba a cika tsayawa a kanta ba. Ana ɗaukarta kamar hutu. A namu ganin, wannan ziyara ita ce wurin da ake yanke hukunci a kan wane ne ɗan gida, kuma hukuncin yana da nauyi, domin gona da aure suna rataye a kansa. Za mu duba yadda tarihi ya mai da maƙwabta “ƙasar waje”, sannan mu duba abin da ke faruwa da harshe da asali idan baƙin suka sauka.

2. Yadda Adar ta sami “waje”

Kafin mulkin mallaka, manyan gidajen Adar da kansu suna da wani gida a bayansu. Djibo Hamani, a littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa (1975), ya nuna yadda Agabba, ɗan sarkin Agadas, ya ci Kabi da yaƙi a 1674, da yadda ya dawo ya zauna a Adar bayan an tuɓe shi daga sarautar Agadas a 1721. Lisawan, waɗanda sarautar Keita ke hannunsu, suna cikin waɗanda suka rako shi. Kel Geres na ƙasar Madawa su ma daga Abzin suka sauko, kuma sun ci gaba da kai raƙumansu wajen Ingal da damina don lasar gishiri. Ke nan ga masu sarauta, tushe yana arewa.

Ga talakawa da malamai da fatake kuwa, hanya kudu ta fi yi. Malam Jibril ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mutumin Adar ne. Bayan kafa Sakkwato a 1809 Adarawa da yawa suka koma can, har yau ga sarautar Sarkin Adar a Dundaye, ga kuma mazaɓa mai suna Sarkin Adar Gandu a cikin birnin. Wanda ya tashi daga Sakkwato a ƙarni na 19 ya je ganin kawunsa a Buza bai ƙetare iyakar kowa ba. Abin da yake tsoro shi ne mahara da ƙishirwa.

Iyaka ta zo ne daga teburin Turawa. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, wanda ya bar kudancin Adar a rabon Ingila. Faransawa suka ga hanyarsu ta zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi, suka nemi gyara, aka yi shi a 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho ta bi ta kafa alamomi. Da haka Ƙonni da Madawa suka faɗo ɓangaren Faransa. Daga nan haraji da aikin dole, wanda ba a soke ba sai a 1946, suka riƙa tura samari zuwa ƙasar Ingilishi, kusa ko nesa, har Gwalkwas. Yunwa ta ƙara nata: ta 1913-1914, ta 1973-1974, da ta 1984-1985. Bayan samun mulkin kai a 1960 Abijan ta zama babbar alƙibla, daga baya Kamaru da Libiya da Aljeriya suka shigo. Cinikin albasar Galmi ya kafa wasu Adarawa a kasuwannin Abijan da Akra, suka yi aure can, suka haifi ƴaƴan da ba su taɓa ganin dutsen Adar ba.

Ya kamata mu lura da cewa ba kowace komowa ce ziyara ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana. Najeriya ta yi haka a 1983 da 1985, ta kuma rufe iyakarta daga 1984 zuwa 1986, shi ya sa a wurare da dama na Nijar ake kiran yunwar wannan lokaci da sunan Buhari. Rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 sun sake maido da mutane hannu wofi. Waɗanda suka saba zuwa ganin gida a lokacin daɗi sun sami ɗakin kwana da ɗan fegin noma. Waɗanda suka yi shekara ashirin ba a gan su ba sun sha tambaya: kai ɗan wa ne? Magidanta sun koyi darasin nan, kuma muna tsammanin shi ne babban dalilin da ke sa mutum ya kashe kuɗin mota na iyali guda don kwana goma sha biyar a ƙauye. Karin maganar da ke cewa zumunta a ƙafa take, a nan lissafi ce ta mai hankali.

3. Harshen baƙo

Abu na farko da ake aunawa idan yara suka sauko daga mota shi ne bakinsu. Adaranci, wanda Bernard Caron ya yi wa cikakken nazari a Le haoussa de l’Ader (1991), yana cikin Hausar yamma. Inda Bakano zai ce “suka zo”, a nan sai “sunka zo”. Inda zai ce “shi ne”, “ita ce”, a nan “shi na”, “ita ta”. “Me” ya zama “mi”, “faɗi” ya zama “hwaɗi”. Ɗan Sakkwato ba ya shan wahala, domin karin harshensa ɗan uwan wannan ne, abin da ke tona shi kawai shi ne kalmomin aro: shi “makaranta” da “asibiti”, su “lakwal” da “likita”. Wanda ya tashi a Kano ko Kaduna za a yi masa dariya kaɗan a ce ya zama Bakano, amma ana jin sa, kuma wa’azi da finafinai sun riga sun sabar da kunnen ƙauye da Kananci.

Yaron zangon Kumasi ko Akra lamarinsa daban ne. Hausar Gana ta zubar da bambancin jinsi a nahawu, ta kuma sassauta baƙaƙe masu ƙugiya. Yaro zai ce “yarinya ya zo”, ya ce “kasa” yana nufin “ƙasa”. Ga masanin harshe wannan sauyi ne na yau da kullum a harshen da ya zama na hulɗa tsakanin ƙabilu. Ga kaka kuwa, wadda jikanta ya kira da “shi”, alama ce ta cewa an yi sakaci da tarbiyya. Ɗan Abijan wani lokaci ma Julanci da Faransanci ne a bakinsa, Hausar gaisuwa kaɗai ya riƙe.

A nan ne taubasantaka ke aiki. Ɗiyan mace da ɗiyan namiji suna da izinin tsokanar juna, kuma su ne ke kwaikwayon maganar baƙo a bainar jama’a, su laƙaba masa suna, su ce bawansu ya dawo. Wanda bai san al’adar ba zai ɗauka wulaƙanci ne. Mu muna ganin akasin haka: ba a wasan taubashi da bare. Yaron da aka tsokana an ba shi matsayi a cikin dangi, kuma ta bakin waɗannan abokan wasa ne yake koyon wace ce gwaggo, wane ne kawu, a gaban wa ake durƙusawa, sunan wa ba a faɗi. Sau da yawa uba kan bar ɗa ɗaya a baya, wurin kaka ko wurin malam, shekara ɗaya ko biyu, “don ya iya magana”. Wannan ɗan shi ne zai riƙe zaren idan uban ya rasu.

4. Gona da asali

Tun da aka fara aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya da hannun FAO da PAM, darajar ƙasa ta sauya. An yi ganuwar duwatsu a kan tuddai, an tare ƙoramu, an dasa miliyoyin itatuwa, fako ya koma gona. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan mata ne, ana biyansu da abinci, domin maza suna bida. Sai ga dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993, wadda ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye. Mallakar gargajiya shaidu take so: mai gari, maƙwabtan gona, dattawa. Magajin da ke zaune a Abijan, in dattawan nan ba su taɓa ganin fuskarsa ba, gadonsa yana hannun wanda ke nomawa. Shi ya sa zagayen gonaki ke cikin tsarin ziyara, kamar gaisuwar mutuwa da ziyarar kushewa. Ana kai yaro ya ga inda gonar kakansa ta tsaya, a gaban mutane.

Akwai kuma abin da ba a faɗa a gaban baƙo. Benedetta Rossi, a From Slavery to Aid (2015), ta bi tarihin bauta da ƙwadago a wannan yanki, ta nuna cewa tafiya nesa tana cikin hanyoyin da bayi da zuriyarsu suka bi suka kuɓuce wa iyayengijinsu, musamman bayan dokar Faransa ta 1905. Mutum ya bar Tamajak, ya kama Hausa, ya je inda ba a san shi ba, ya zama Ba’adare kawai, ko ma “Bahaushe” kamar kowa a zango. Jikansa da ya zo neman tushe yana iya tarar da tushen da kakan ya guje wa. Dokar 2003 ta mai da bauta laifi a Nijar, ƙungiyar Timidria tana fafutuka tun 1991, amma ranar da baƙo ya ga yarinya ya aika a nema masa, tsofaffi za su zauna su ƙirga kakanni. A zangon Kumasi dukiya da ilimi na iya rufe wannan. A ƙauyen da kowa ya san rijiyar da kakan kowa ya yi wa jan ruwa, ba su cika rufewa ba. Muna ganin wannan na cikin dalilan da ke sa wasu iyalai su aiko da kuɗi a kai a kai, su gina masallaci ma, amma ba su kawo ƴaƴansu.

Nicole Échard, wadda ta yi aiki a kan yadda manoman Adar ke ba da tarihinsu (1975), ta nuna cewa tarihin ƙauye labarin ƙaura ne da na wanda ya riga wani sauka. Abin da baƙo ke ji a zaure, ke nan, an riga an tace shi, kuma mai binciken da ya bi iyali irin wannan da rakoda ya kamata ya san cewa labarin da aka ba yara a daren farko ba lallai ya zama wanda za a ba shi ba idan sun tafi.

5. Hanya a yau

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 kan walwalar jama’a ta sauƙaƙa tafiyar nan shekaru da dama, ko da yake shingayen hanya ba su daina karɓar nasu ba. Najeriya ta sake rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025. A tsakanin haka WhatsApp ya shiga ƙauyuka. Kaka tana aika saƙon murya da Adaranci, jika yana ji a Abijan, abin da kaset ɗin da ake ba direba yake yi a da, sai dai yanzu kullum ne. Wannan zai taimaki kunnen yaro, wataƙila har da bakinsa. Amma tsarabar da ke komawa, kilishi da tabarmar Madawa da busasshiyar kuɓewa, har yanzu sai an sami mai tafiya, kuma kwamitin filaye na ƙauye yana tambayar dattawa ne ko sun san mai ƙara.