Arba'in Ɗin Da Muka Rage Wa Rabi

Makalar wannan makon ta taso ne daga wata hira da muka yi a Kwalkwalawa, bakin fadamar Rima, kan hanyar jami'ar Ɗanfodiyo. Wata dattijuwa ce ta ce mana a zamaninsu mai jego ba ta san kukan dare ba sai ta yi arba'in. Mun ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi, sai da muka koma tarihi.

A 1949 zuwa 1950 wata Baturiyar Ingila, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta, littafin ya fito a 1954. A ciki za a ga yadda haihuwa take aikin dangi: mace ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, tsofaffi su karɓe ta, su dafa ruwan wanka, su dama kunu. Jariri kuma hannu da yawa ke ɗaukarsa. In ya farka tsakar dare kaka ce ke jijjiga shi, sai in nono yake so a tashi uwar.

Likitoci sun shigo maganar ne ta ƙofar ciwon zuciya. A shekarun 1970 Davidson da Parry na asibitin koyarwa na ABU Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa, suka ɗora zargi kan wankan ruwan zafi, kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. A 2007 binciken Isezuo da Abubakar a asibitin koyarwa na nan Sakkwato ya samu ciwon a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Daga baya aikin Farfesa Kamilu Karaye a Kano ya fi karkata ga talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma dai mene ne, an yi shekaru ana faɗakarwa a rage zafin ruwa da kanwa, kuma ba mu ga laifin hakan ba.

Inda muke da ƙorafi shi ne, tare da ruwan zafin sai muka zubar da tsohuwar. Ba likita ne ya kore ta ba. Gidan haya mai ɗaki biyu ne, da aikin albashi, da auren nesa. Yau yarinya 'yar shekara ashirin za ta dawo daga asibiti, a yi suna, baƙi su watse, a bar ta da jariri mai farkawa duk bayan awa biyu ko uku. Kukan jarirai kuwa yakan kai ƙololuwa ne wajen mako na shida, wato daidai cikar arba'in. Kakanninmu ba su da agogo, amma lissafinsu bai kuskure ba.

Rashin barci kan jawo damuwa, damuwa kuma ta hana barci ko da yaron ya yi shiru. Tun 1858 likitan Faransa Louis-Victor Marcé ya rubuta littafi kan taɓuwar hankalin masu ciki da masu jego. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 13 cikin 100 na masu jego na fama da irin wannan, a ƙasashe masu tasowa kusan kashi 20. Mu kan ce iska ce, ko sabon shiga ne, za ta saba. Wasu har maganin mura mai sa barci suke ɗura wa jariri don su samu runtsawa, abin da ke iya danne masa numfashi.

Kukan kwana uku ko huɗu bayan haihuwa yakan wuce da kansa. Wanda ya haura mako biyu, mace ta daina cin abinci, ta tsani kanta ko ɗanta, wannan ciwo ne mai magani. Akwai tambayoyi goma da John Cox da abokan aikinsa suka tsara a Edinbura a 1987, ma'aikaciyar jinya za ta iya yi wa uwa su cikin minti biyar ranar rigakafi. In kuma ta fara sambatu ko ganin abin da babu, ranar za a kai ta asibiti, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba shi da nisa da Kwalkwalawa.

Dattijuwar nan da muka tambaye ta wa ke kwana da jikarta da ta haihu a birni, sai ta ce waya suke yi.