Daga Degel zuwa Sakkwato: yadda zangon malamai ya fita daga hannun Gobir

Hubbare, wato ginin da ke kan kabarin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a cikin tsohon garin Sakkwato, asalinsa gidan da Shehu ya zauna ne a shekaru biyu na ƙarshen rayuwarsa, domin bai tare a Sakkwato ba sai a 1815, kuma a nan Allah Ya yi masa rasuwa ranar 20 ga Afrilu 1817 aka binne shi a cikin gidan. Masu ziyara kan ɗauka cewa nan ne mafarin daular Sakkwato, alhali kuwa lokacin da Shehu ya shigo garin an riga an gama yaƙi da Gobir da shekara bakwai. Mafarin yana Degel, wani ƙaramin mazauni na malamai a ƙasar Gobir, inda 'yancin Jama'a, kamar yadda almajiran Shehu suke kiran kansu, ya tsiro tun kafin a zare takobi.

Dangin Shehu, waɗanda ake kira Toronkawa, Fulani ne da kakanninsu suka taso daga Futa Toro da ke yankin Senegal na yau, suka zauna a wajejen Ƙonni ƙarnuka kafin haihuwarsa, suna karatu da karantarwa a ƙarƙashin sarakunan Hausa. An haifi Shehu a Marata a 1754, ya tashi a Degel, ya yi karatu a hannun malamai da dama, cikinsu har da Malam Jibrin ɗan Umar, sannan ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan shekara ashirin, yana zagaya Kabi da Zamfara yana magana da mutane da Hausa da Fulatanci. Jama'ar da ta taru a kansa ba ƙabila ɗaya ba ce, akwai Fulani makiyaya da jangali, wato harajin shanu, ya ishe su, akwai manoman Hausa, akwai kuma malaman Buzaye.

Abin da ya mayar da wannan taron ɗalibai ya zama al'umma mai tsayawa da ƙafarta ya faru ne a Magami wajen 1788, lokacin da Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a sallar layya ya yi musu kyauta. Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya nemi abubuwa biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai sanye da rawani, a saki fursunoni, kuma a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa, wanda tsufa ya riga ya kama, ya amince da su duka. A zahiri alfarma ce sarki ya yi wa malami, amma idan aka duba da kyau za a ga cewa ya yarda ne da wanzuwar wasu mutane a cikin ƙasarsa masu alamarsu ta daban, da shugabansu na daban, waɗanda hannun dogarai ba ya isa gare su yadda yake isa ga sauran talakawa. Shekara goma sha biyar da suka biyo baya Degel ta yi ta cika, ana rubuta littattafai irin su Ihya'us Sunna, ana yanke hukunci tsakanin almajirai ba tare da an je fadar Sarkin Gobir da ke Alƙalawa ba.

A wannan gaɓa tarihin ya yi kama da abin da ke faruwa a wani gefen duniya a daidai wannan zamani. Turawan Ingila sun kafa mazauninsu na farko mai ɗorewa a Amurka a Jamestown a 1607, mazaunan suka yaɗu har suka zama yankuna goma sha uku, kowanne da majalisarsa mai yanka haraji, domin nisan teku ya sa Landan ta sakar musu mara fiye da ƙarni guda. Rikici bai tashi ba sai da majalisar Ingila ta so ta dawo da ikon da ta yi sakaci da shi, ta ɗora harajin hatimi a kan takardu a 1765, aka fara harbe-harbe a 1775, shekara guda bayan Shehu ya fara wa'azi, aka ayyana 'yanci ranar 4 ga Yuli 1776, Ingila kuma ta amince da shi a yarjejeniyar Faris ta 1783. Kamannin ba su wuce nan ba, domin mazaunan Amurka baƙi ne da suka ƙwace ƙasar 'yan asalin wurin suka kuma rabu da sarkin da ke ƙetaren teku, su kuwa Jama'a suna cin kasuwa ɗaya, suna shan rijiya ɗaya da mutanen sarkin da suka bijire wa. Abin da ya haɗa su kawai shi ne cewa mutanen da suka saba tafiyar da al'amuransu da kansu sun fi jin zafin a karɓe abin da ke hannunsu fiye da a hana su abin da ba su taɓa samu ba.

A Gobir, Sarki Nafata ne ya fara janye alfarmar Magami, inda ya sa aka yi shela cewa ban da Shehu babu mai wa'azi, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Ɗansa Yunfa ya wuce nan, ya tura mayaƙa Gimbana inda Abdussalami, wani malami Ba'are almajirin Shehu, ya koma da mutanensa, aka kama su bayi, aka bi da su ta kusa da Degel, sai Jama'a suka tare hanya suka kwance su. Bayan wannan babu sauran zama. Ranar 21 ga Fabrairu 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, a can aka yi masa mubaya'a, wato alkawarin biyayya, a matsayin Amirul Muminina, wanda Hausawa suka mayar Sarkin Musulmi. Wannan mubaya'a ita ce ayyana 'yancin Jama'a, kuma Wasiƙatu Ahlis Sudan, gajeriyar takardar da ta jera hukunce-hukuncen hijira da naɗa shugaba da yaƙi, ita ce ta bayyana hujjarsu ga sauran ƙasashe.

Yaƙin bai zo da sauƙi ba. An ci nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni 1804 ƙarƙashin jagorancin Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, amma an sha mummunan kashi a Tsuntsuwa kafin shekarar ta ƙare, inda aka rasa mahaddata Alƙur'ani masu yawa, ga yunwa ga rashin matsuguni har aka samu zama a Gwandu, aka kuma sake shan wani kashin a Alwasa a 1805. Alƙalawa ta faɗi a watan Oktoba 1808, aka kashe Yunfa, a 1809 kuma Muhammadu Bello, ɗan Shehu, ya fara gina ganuwar Sakkwato, yayin da masu tuta irin su Sulaimanu a Kano, Umaru Dallaji a Katsina da Malam Musa a Zazzau suka kafa mulki a ƙasashensu.

Mafi wuya shi ne abin da ya zo bayan nasara, kuma waɗanda suka yi yaƙin ne suka fara faɗar haka. Tun ana cikin yaƙi Abdullahi ya ga son ganima da son sarauta sun shiga zukatan mutane, ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkam domin ya nuna wa sababbin masu mulki iyakarsu. Batun bauta ma, wanda shi ya kunna wutar Gimbana, an tsaya ne a kan haramcin bautar da Musulmi ɗa, daular kuwa ta ci gaba da dogaro da aikin bayi a gandaye, kamar yadda tsarin mulkin Amurka na 1787 ya bar bayin da aka kwaso daga Afirka a cikin ƙanginsu. Shehu da kansa ya janye daga gudanar da mulki, ya zauna a Sifawa yana karantarwa, a 1812 ya raba kula da ƙasa tsakanin Abdullahi a yamma da Bello a gabas. Da ya rasu aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato, Abdullahi ya koma Gwandu, Abdussalami kuwa, mutumin da aka fara faɗa saboda mutanensa, ya ga rabon da aka ba shi bai kai gudummawarsa ba, ya yi tawaye daga Kware, aka yi ta musayar wasiƙu tsakaninsa da Bello ba a daidaita ba, har rundunar Sakkwato ta ci garin a farkon 1818, shi kuma ya rasu sakamakon raunin da ya samu a yaƙin.