A Je Warra a Ci Kifi, a Dawo Kafin Almuru

A ƙasar Amurka, matuƙan ƙananan jiragen sama suna da wata al'ada da suke yi wa laƙabi da "hambagar dala ɗari". Mutum zai tashi ranar Asabar da hantsi, ya kira abokinsa, su hau jirgi mai kujeru biyu ko huɗu, su yi tafiyar sa'a guda zuwa wani ƙaramin gari da ya yi suna wajen gashin nama. Su sauka, su ci, su taɓa hira, kafin la'asar sakaliya kowa ya koma gidansa. Abincin kansa bai wuce 'yan daloli ba. Kuɗin mai da na hayar jirgi su suka jawo masa wannan suna, kuma a yau dala ɗarin ma ba ta isa.

Mai jin labarin zai fara kiransa almubazzaranci, kuma yana da hujja. Sai dai al'adar tana zaune ne a kan wasu abubuwa da ba a cika kula da su ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dubban matuƙa sun koma gida da sana'ar tuƙi a hannunsu, kamfanoni irin su Piper da Cessna kuma suka shiga ƙera musu jirage masu sauƙin kuɗi. Samfurin Cessna 172 kaɗai, wanda ya fito kasuwa a 1956, an ƙera fiye da 44,000. Ƙasar tana da filayen sauka kusan 5,000 da kowa ke iya amfani da su, da hasashen yanayi da matuƙi ke dubawa kafin ya tashi, da dokar da ta wajabta binciken lafiyar jirgi duk shekara. Wanda ya fita cin nama ya fita ne da kyakkyawan zaton zai kwana a ɗakinsa.

Idan aka nemi garin da ya cancanci irin wannan ziyara a Arewa, Warra tana sahun gaba. Ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a masarautar Yauri, tana kan gaɓar gabas ta tafkin Kainji, inda ake samun giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu, ɗanye da gasasshe da banda. Daga Kaduna zuwa Warra a miƙe kimanin kilomita 310 ne, wato sa'a ɗaya da rabi a ƙaramin jirgi. A mota kuwa, ta Birnin Gwari da Tegina da Kontagora, tafiyar tana cinye mafi yawan yini, ga fargabar 'yan bindiga. Dalilin da ya sa tazarar sa'a ɗaya da rabi ta zama tafiyar da ake yi wa addu'a ta musamman yana cikin tarihin yadda aka yi ta zuwa wannan yanki.

Lokacin da kogi ne hanya

Tafiya domin abin baka tsohuwar sana'a ce a ƙasar Yauri. Fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro sukan bi ta nan su ƙetare Kogin Kwara, wanda taswira ke kira Neja, su yi watanni kafin su dawo Kano ko Katsina. Ƙetarewar tana hannun mutanen ruwa, Gungawa mazauna tsibirai da Sarkawa masunta, waɗanda suka san kowane dutse da kowace mashiga. Sarautar Yauri ta ci moriyar wannan mahaɗa ta hanyar ƙasa da ta ruwa, daga Birnin Yauri har zuwa lokacin da fadar ta koma Yelwa a 1888.

Baƙon da ya raina sanin mutanen ruwa yakan gamu da abin da bai shirya masa ba. A 1806 jirgin Mungo Park ya wuce Yauri, ya faɗa cikin duwatsun Busa, can ya halaka. A 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo Yauri neman takardunsa, suka yi makonni a hannun Sarki, sannan suka koma Busa suka gangara a kwale-kwale har teku. A wancan zamani babu mai maganar zuwa da dawowa a yini guda. Ana auna tafiya da zango, kuma matafiyi ya san ransa yana hannun mai tuƙi, bayan ikon Allah.

Jirgin sama ya zo, amma na masu mulki

Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na rundunar sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Sun taso ne daga Masar ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka yi a kwanaki shida tafiyar da raƙumi ke yi a watanni. Manufar ita ce nuna ƙarfin daula da gwada hanyar da za ta haɗa mulkin mallaka daga Kogin Nilu zuwa Afirka ta Yamma. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara kawo wasiƙu Kano daga Hartum, a lokacin yaƙi kuma Kano da Maiduguri suka zama zangon jiragen soja masu wucewa Gabas ta Tsakiya.

Daga nan duk wanda ya hau ƙaramin jirgi a Arewa yana da alaƙa da iko ko wata hukuma: gwamna da razdan, 'yan mishan, injiniyoyin kamfani, sai 'yan siyasa. Dattawa ba su manta da zaɓen 1959 ba, lokacin da Obafemi Awolowo ya riƙa sauka a garuruwan Arewa da jirgi mai saukar ungulu. An kafa makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964, amma ɗalibanta an shirya su ne don manyan jiragen fasinja da aikin gwamnati.

Akwai wani abin lura a nan. A wajejen 1990 an harhaɗa ƙananan jirage 60 a Kaduna, masu suna Air Beetle. An ɗauko fasalinsu daga RV-6A, jirgi mai kujeru biyu da Amurkawa ke haɗawa a garejin gidajensu, irin wanda ake zuwa cin nama da shi. A Nijeriya dukkansu rundunar sojan sama aka miƙa wa domin horar da matuƙa. Ƙaramin jirgin da manomin shinkafa a Kebbi ya fi sani kuwa shi ne mai zuwa feshin tsuntsayen jan-baki.

Tafkin da ya ƙara nisa

An fara gina madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a farkon 1969. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita kusan 135, faɗinsa a wani wuri ya haura kilomita 20. Tsohuwar Busa ta nutse tare da duwatsun da suka ci Mungo Park, aka tashi mutane kimanin 44,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa, Gungawa da yawa suka bar tsibiran kakanninsu.

Tafkin ya kawo arziki. Kamun kifi ya kai kusan tan 28,000 a 1971 kafin ya yi ƙasa sosai a shekarun da suka biyo baya, masunta suka yi ta kwararowa daga nesa, bandar Yauri ta kai har kasuwar Onica. Amma ya kawo matsaloli uku da har yau ba a warware ba. Na farko, kwale-kwalen da aka saba da shi na kogi ne mai gaɓa kusa, tafki kuwa yana da igiyar ruwa da guguwar damina. Na biyu, ba a sare dukkan itatuwan da ruwa ya rufe ba, kututturansu suna nan a ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi. Na uku, babu gada a kan tafkin, don haka mutumin gaɓar Borgu da ke son cin kasuwar Warra, ko na Warra da ke da dangi ko gona a ƙetare, ba shi da zaɓi sai ruwa. Ilimin da Gungawa da Sarkawa suka gada na kogin da ya ɓace ne, hukumar da za ta maye gurbinsa da doka kuma ta makara: sai a 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja.

Watanni uku na 2021

Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ya tsage ya nutse a kusa da Warra, tsakanin Jihar Neja da Jihar Kebbi. Jami'ai sun ce yana ɗauke da mutane fiye da 150, akasarinsu 'yan kasuwa da mata da yara, kuma kimanin 20 ne aka ceto da rai. An ruwaito cewa har da buhunan yashi daga wurin haƙar zinariya a cikin lodin. Alƙaluman sun yi ta saɓawa saboda babu takardar da aka rubuta sunayen fasinjoji. Waɗannan mutane tafiyar yini guda suka fita, da niyyar dawowa kafin almuru.

Ranar 17 ga Yuni 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. A watan Yuli rukunin farko na jiragen yaƙi samfurin Super Tucano ya iso Nijeriya daga Amurka, guda shida daga cikin 12 da aka saya a kan kusan dala miliyan 500, aka kai su sansanin sojan sama na Kainji. Ƙananan jirage ne masu farfela ɗaya da kujeru biyu. Shekara 96 bayan saukar Coningham, ƙaramin jirgin da ke shawagi a kan tafkin har yanzu na hukuma ne, aikinsa kuma yaƙi.

Abin da ya kamata a aro

Warra ba ta rasa filin jirgin sama don masu kuɗi su zo cin kifi ba, kuma babu mai hankalin da zai sa wannan a gaban asibiti ko hanya. Abin da ya dace a aro daga matuƙin Amurka shi ne abin da yake yi kafin ya kunna inji. Yana lissafa nauyin kansa da na abokinsa da na mai, idan ya wuce ƙa'ida ya rage kaya. Yana duba yanayi, idan hadari ya haɗo ya fasa, naman ya jira wani mako. Jirginsa yana da lamba da takardar bincike, kuma idan ya faɗi akwai hukumar da za ta binciki dalili ta wallafa rahoto, domin kada wani ya sake mutuwa a kan kuskure ɗaya. Fannin jiragen sama ya koyi waɗannan ne bayan ya binne mutane da yawa.

Babu ko ɗaya cikinsu da ya fi ƙarfin mashigar Warra: layin fenti a jikin jirgi da ke nuna iyakar lodi, littafin sunayen fasinjoji a hannun Sarkin Ruwa da ƙungiyar matuƙa, rigar ceto ga kowane mai shiga, hana tashi da dare ko cikin hadari, da alamomi a kan hanyoyin da aka share kututture. Hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, ta raba rigunan ceto kuma ta fara cire itatuwa, amma rabo na rana ɗaya ne, bin doka kuwa na kowace ranar kasuwa. Madatsar Kainji an gina ta da ƙarfin megawat 760 domin ta haskaka Legas da Kaduna. Mutanen da aka tasa domin wannan haske suna bin ƙasa bashin mai ƙidaya a bakin mashiga, wanda zai ce jirgi ya cika, saura su jira na gaba.