Gumurzun sararin samaniyar Birtaniya a 1940: abin da kowane ɓangare ya girba

Daga 10 ga Yuli zuwa 31 ga Oktoban 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin saman Jamus da na Birtaniya sun gwabza a sararin samaniyar Ingila. Bayan faɗuwar Faransa a watan Yuni, Hitler ya so ya karya lagon jiragen yaƙin Birtaniya kafin dakarunsa su tsallaka teku su mamaye ƙasar.

Haƙarsa ba ta cimma ruwa ba. Jamus ta yi asarar jirage fiye da 1,700. Duk matuƙinta da aka harbo ya dira a Ingila da rai, sai a kama shi, alhali na Birtaniya kan koma bakin daga da wani jirgin. Ranar 17 ga Satumba Hitler ya ɗage mamayar, ba a kuma sake yunƙurin ba.

Ita ma Birtaniya ta ɗanɗana kuɗarta. Ta rasa jiragen yaƙi kimanin 1,000 da mayaƙan sama 544. Ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa Landan da sauran birane daga Satumban 1940 zuwa Mayun 1941 ya hallaka fararen hula fiye da 40,000.

Tsirar Birtaniya ta sa Janar de Gaulle ya ci gaba da jagorantar gwagwarmayar 'yantar da Faransa daga Landan. Ana tsaka da gumurzun, a ƙarshen Agustan 1940, Chadi da Kamaru suka mara masa baya, Nijar kuwa ta ci gaba da zama ƙarƙashin gwamnatin Vichy har zuwa ƙarshen 1942.