Oscar Micheaux da Fim ɗin da Ya Ƙaryata Griffith

A watan Fabrairun 1915 aka fara nuna fim ɗin The Birth of a Nation a birnin Los Angeles. Daraktansa, D. W. Griffith, gwani ne na gaske, kuma tsawon fim ɗin ya kai kusan awa 3 a zamanin da yawancin finafinai gajeru ne. Ya ɗauko labarin daga littafin Thomas Dixon mai suna The Clansman, ya nuna 'yantattun bayi a matsayin jahilai masu farautar matan Turawa, ya kuma mayar da 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan jaruman da suka ceci kudancin Amurka. Manyan rawar baƙaƙen fata ma Turawa ne suka taka su, bayan sun shafa baƙi a fuska. A cikin watan Fabrairun nan aka haska shi a fadar White House, gaban Shugaba Woodrow Wilson.

Ɓarnar ba ta tsaya a bango ba. Kafin shekarar ta ƙare, William J. Simmons ya tara mutane a kan dutsen Stone Mountain a jihar Jojiya, suka ƙona gicciye, suka farfaɗo da Klan ɗin da ta daɗe da mutuwa. Ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙaƙen fata ta yi ta kai ƙorafi, ɗan jarida William Monroe Trotter ya jagoranci zanga-zanga a Boston, jihar Ohio ta haramta fim ɗin, wasu biranen suka yanke wasu sassa. Duk da haka jama'a suka yi ta tururuwa, kuɗi suka yi ta shigowa.

Sai wasu suka ga cewa ƙorafi kaɗai ba zai wadatar ba, dole su riƙe kyamara da hannunsu. A 1916 Noble Johnson da ɗan'uwansa George suka tayar da kamfanin Lincoln, suna yin finafinan da ke nuna baƙar fata mai ilimi da sana'a da mutunci. Emmett J. Scott, sakataren jagoran baƙaƙen fata Booker T. Washington, shi ma ya ƙulla wani babban shiri na martani, amma ragamar ta suɓuce masa, fim ɗin The Birth of a Race ya fito a 1918 ba tare da manufar da aka faro shi da ita ba.

Wanda ya fi kowa nisa a wannan fage shi ne Oscar Micheaux. An haife shi a 1884 a jihar Illinois. Ya yi aikin hidimar fasinja a jirgin ƙasa, ya tara ɗan abin da ya samu ya je Dakota ta Kudu ya kama noma a tsakiyar Turawa. Da gonar ta kuɓuce masa sai ya koma rubuta littattafai, yana bi gida-gida yana tallarsu da kansa. Kamfanin Lincoln ya nemi mayar da littafinsa The Homesteader fim, shi kuma ya kafe sai dai shi zai ba da umarni. Da aka ƙi, ya kafa nasa kamfanin, ya sayar da hannun jari har ga manoman Turawan da ke sayen littattafansa, fim ɗin ya fito a 1919.

Shekarar 1919 kuwa shekarar jini ce. A watan Yuli aka jefi wani matashi baƙar fata, Eugene Williams, da duwatsu a tafkin Michigan har ya nutse, saboda ya gota zuwa ɓangaren ruwan da Turawa ke ɗauka nasu ne. Tarzomar da ta biyo baya a Shikago ta ci rayuka 38. A wannan garin, 'yan watanni bayan haka, Micheaux ya miƙa wa hukumar tace finafinai sabon aikinsa, Within Our Gates. Hukumar ta yi ta jan ƙafa, tana tsoron kada wuta ta sake tashi, sai a Janairun 1920 aka nuna shi.

Fim ne marar sauti. Evelyn Preer ta fito a matsayin Sylvia Landry, malamar da ta tafi Boston neman tallafi ga wata makarantar 'ya'yan talakawa baƙaƙe a kudu. Sai can wajen ƙarshe labarin ya koma baya, ya buɗe abin da ta baro. Uban riƙonta, Jasper Landry, yana noma gonar wani attajirin Bature ana cutarsa wajen lissafi, har Sylvia da ta yi karatu ta taya shi tsara asusunsa. Wani Bature ya harbe attajirin, aka ɗora wa Jasper laifin. Gungun mutane, har da mata da yara, suka fito kamar masu zuwa biki, suka rataye shi da matarsa ba alƙali ba shari'a, suka cinna wuta. Micheaux ya riƙa sarƙa wannan hoton da wani: ɗan'uwan attajirin ya ritsa Sylvia a ɗaki yana neman yi mata fyaɗe, bai tsaya ba sai da ya ga tabo a ƙirjinta, ya gane 'yarsa ce ta cikinsa.

A nan ƙarfin fim ɗin yake. Griffith ya ce baƙin namiji ne barazana ga Baturiya, don haka igiya ta halatta. Micheaux ya nuna wa 'yan kallo abin da iyayensu suka sani tun zamanin bauta, cewa baƙar mace ce ba ta da mai kare ta, kuma wanda aka rataye sau da yawa bai ci ba bai sha ba. Bai kuma raga wa nasa ba. Akwai Efrem, baran da ya kai tsegumin da ya jawo kisan don neman fada wurin Turawa, ƙarshe shi ma suka rataye shi. Akwai tsohon mai wa'azi, Ned, da ke ce wa mabiyansa su haƙura da ƙasƙanci, alhali a keɓe yana jin kunyar kansa. Wannan gaskiyar ta sa wasu baƙaƙen ma suka ji haushinsa.

Bai ja da baya ba. A 1920 ɗin ya fitar da The Symbol of the Unconquered, inda ya nuna 'yan Klan a matsayin 'yan ƙwacen ƙasa. A 1925 ya ba Paul Robeson fim ɗinsa na farko, Body and Soul. Da kansa yake yawo gari-gari yana ciniki da masu gidajen silima na unguwannin baƙaƙe, kuma kafin rasuwarsa a 1951 ya shirya finafinai sama da 40.

Yawancinsu sun salwanta. Within Our Gates ma an daɗe ana zaton ya ɓace, sai aka tsinci kwafi ɗaya a ma'ajiyar finafinai ta Madrid, da suna La Negra, rubutun cikinsa duk da Sifaniyanci. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya gyara shi a 1993, aka mayar da rubutun zuwa Turanci, kuma a yau shi ne dogon fim mafi tsufa da ya rage daga hannun daraktan Amurka baƙar fata.